Tsakar Gida: Haushin Kare Da Haushin Maƙwabta

  

Na san da yawa daga cikinku da ganin kan maganar nan za ku ce, "Yau kuma me ya haɗa uwargida da kare?" Wata ma ƙila ta ja tsaki ta juya shafi. Ki ɗan dakata, 'yar'uwa. Ni kaina da a da aka ce mini zan zauna in cika fili da zancen kare, da na ƙaryata. To amma ki saurari unguwanninmu na Birnin Kebbi idan dare ya raba, daga Gesse zuwa Badariya, daga Gwadangaji zuwa sababbin gidajen da ake ta ginawa a bakin gari, ba abin da kunne ke ji sai haushin karnuka, wannan ya ɗauka wancan ya amsa. Gidajen da a da ko ɗan kwikwiyo ba a yarda ya leƙa zaurensu ba, yanzu sun ajiye kare, domin ɓarayin injin ruwa da batirin sola da babur da ragon layya sun hana mutane sakewa. Maigida ne ke kawo karen, wannan gaskiya ne. Amma da gari ya waye ya fita nema, wa ake bari da shi? Ke ce. Daga madafarki abincinsa ke fitowa, 'ya'yanki ne ke wasa kusa da shi, kuma ranar da maƙwabta suka gaji, ba wurin aiki za su bi maigida ba, wurinki za a aiko.

Haka ta faru da ni. A ƙarshen daminar 2023 ɓarayi suka haura katangarmu suka kwance injin jan ruwa, bayan mako biyu suka dawo suka ɗauke batura. Maigida ya ce shi kam ya gaji, kare zai kawo. Na nuna ba na so, ya ce to in kawo wata dabarar, ni kuwa ba ni da ita. Aka kawo wani jibgegen kare ruwa biyu, uwarsa 'yar ƙasa, ubansa irin na Turawa ɗin nan da 'yan sanda ke riƙewa. Aka ƙera masa keji na ƙarfe da rufin kwano, aka ajiye shi a lungun bayan gida, jikin katangar da ta raba mu da maƙwabta. Sata ta tsaya cak. Barci ma ya tsaya.

Tun daga bayan isha'i karen nan zai fara, ba zai sarara ba sai an kira assalatu. Da rana ma in ɗan garuwa ya wuce haushi, in almajiri ya yi sallama haushi, in akuya ta gitta haushi. Mu da ɗakunanmu ke gaba mun ɗan sami sauƙi. Ashe a bayan katangar nan ɗakin wata dattijuwa ne, surukar maƙwabciyata, mai fama da hawan jini, ga ita maƙwabciyar tawa kuma tana jego. Bayin Allah suka yi kawaici wata guda cur. Ran nan da hantsi sai ga dattijuwar da kanta, tana dogara sanda. Na shimfiɗa mata darduma, na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗiyata, ba faɗa ya kawo ni ba. Wanga kare naku ya hana muna kwana. Jinjiri bai kwana, uwatai ba ta kwana, ni kau likita ya ce in riƙa samun hutu. Ku taimake mu don Allah." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, in Allah Ya so za a gyara." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da zagi ta zo da shi, da ƙila ban ji kunya haka ba.

Da ƙanen maigida da ke aiki a Abuja ya ji labari, sai ya ce, "Yaya, ai wannan ba abin damuwa ba ne, karen bana shi ke maganin zomon bana." Bayan kwana huɗu direban mota ya kawo mana saƙo a ɗan kwali, wai abin wuya ne mai hana kare haushi. Tun da yanzu abin ya fara yawa, ana tallarsa a intanet da shagunan kayan dabbobi na manyan birane, bari in bayyana miki yadda yake, don kada a kawo shi gidanki ba ki san ko mene ne ba.

Bel ne na roba ko na zare mai ƙwari, da wani ɗan akwati kamar na ashana a jikinsa. Ana ɗaura shi ne yadda akwatin zai zauna daidai maƙogwaron kare. A ciki akwai batir, akwai kuma abin da ke gane an yi haushi: wani ƙara yake saurare, wani motsin maƙogwaro yake ji, masu tsada kuwa sun haɗa duka biyun. Da kare ya buɗe baki, nan take na'urar za ta yi masa abin da ba ya so, wai don ya gane haushin ne ke jawo masa. Abin da take yi masa shi ya raba su iri-iri. Akwai mai fitar da wata siririyar ƙara wadda kunnenmu ba ya ji amma tana damun kare, domin kunnensa na kama siririn sautin da ya ninka iyakar namu fiye da sau biyu. Akwai mai girgiza kamar wayar hannu. Akwai mai fesa masa turare a ƙarƙashin hanci, wanda ake yi da man wata ciyawa 'yar'uwar ciyawar nan mai ƙanshin lemun tsami da muke sakawa a shayi. Sai na huɗu, mai wasu ƙusoshi biyu na ƙarfe marasa tsini da ke taɓa fatar wuya, shi kuma wutar lantarki yake sakar masa, in ya ci gaba da haushi ƙarfin wutar ya ƙaru. Irin wannan na ƙarshe aka aiko mana.

Daren farko da mai gadi ya ɗaura masa, karen ya yi haushi ɗaya, sai muka ji ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka masa wutsiya. Ya sake gwadawa, ya sake ƙara. Daga nan tsit. Ba zan ɓoye miki ba, na yi murna. Da safe har na aika gidan maƙwabta in ji ko sun kwana lafiya.

A kwana na uku mai gadi ya ce mini, "Hajiya, karen nan fa ba ya cin abinci." Na ce zai ci in ya ji yunwa. Ya ce kuma ya lura ko karen bai yi haushi ba yakan zabura ya yi ƙara, musamman in karnukan layin baya sun ɗauka, ko an buga ƙofar gida da ƙarfi. Wato namu na'urar mai sauraren ƙara ce kawai, ba ta bambanta haushinsa da na wani, laifin karen maƙwabta ma a wuyansa take saukewa. Wannan ma ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Abin da ya farkar da ni ya faru ne ranar Asabar da la'asar. Autana, yana da shekara shida a lokacin, ya bi mai gadi kai wa karen abinci, kamar yadda ya saba. Karen ya san shi, yana ganinsa ya tashi yana kaɗa wutsiya, ya yi ɗan haushin murna. Wuta ta ja shi. Kafin ƙiftawar ido ya yi kukan kura ya daki ƙarfen kejin da haƙora a waje, daidai fuskar yaron. Ƙarfen nan ne kaɗai, bayan kiyayewar Allah, ya raba su. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Washegari muka kira likitan dabbobi. Da ya kwance bel ɗin, wurin da ƙusoshin ke zama ya yi gyambo biyu har sun fara wari. Ya ce ba ƙunar wuta ba ce, matsi ne da gumi da datti, domin masu ƙera abin da kansu sun rubuta a takardarsa kada a bar shi a wuyan kare fiye da awa 12 a yini, a kuma riƙa gusar da shi ana duba fatar. Mu kuwa mako guda yana ɗaure dare da rana, a cikin zafin nan na kaka. Takardar da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe, ba wanda ya karanta. Game da yaron kuwa, ya ce kare ba ya sanin daga ina zafin ya fito masa, abin da ke gabansa a lokacin shi yake ɗora wa laifi. In yaro ne a gabansa, to yaron ne ya cuce shi. Uwargida, ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Daga nan likitan ya buɗe kunnuwan karen ya nuna mini kaska jere kamar an shuka, wasu sun ƙoshi sun yi girman wake. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ruwa ba ya tsami banza."

Daga baya na bincika na tarar can inda aka ƙirƙiro abin ma ba a kwashe lafiya da shi ba. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta ɗaura wa kare ko kyanwa abin wuya mai lantarki tun shekarar 2010, kuma akwai wasu ƙasashen Turai irin su Jamus da Denmark da su ma suka hana. A shekarar 1996 likitocin dabbobi na Jami'ar Cornell a Amurka sun gwada iri biyu a kan karnuka tara masu yawan haushi. Mai fesa turare ya rage haushin takwas daga cikinsu, mai lantarki kuwa huɗu kawai ya yi wa aiki, wasu ma suka daure wa zafin suka ci gaba da abinsu. Karnuka tara ba su da yawa, na yarda, amma ko ba komai sun nuna cewa ba wanda ya fi azaba ne ya fi magani ba. Shi ma mai turaren yana da nasa cikas a wurinmu. In turaren ya ƙare, a wane shago za ki samo shi a Birnin Kebbi? Kuma akwai kare mai wayon da zai yi ta haushi har kwalbar ta ƙare, sa'annan ya ci gaba hankali kwance.

Amma babbar tambayar, ba a littafi na same ta ba, a Argungu na same ta. Ina da kawu a can, manomin shinkafa ne kuma masunci, gonarsa na fadama ba nisa da Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin nan da aka faro tun 1934. Da rani a bukka yake kwana a gona saboda injin ban ruwa, tare da karnuka uku 'yan ƙasa, sirara, ba wanda zai ba da ko sisi a kansu in ya gan su. Da muka je gaishe shi na ba shi labarin abin wuyan, sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗiyata, kun ɗauki mai gadi, kun kuma ɗamre mai baki? To in ɓarawo ya zo, wasiƙa zai rubuto muku?"

Ki yi wa maganar nan tunani. Saboda haushin aka kawo karen. Na'urar ba ta san ɓarawo ba, ba ta san akuya ba, duk wanda kare ya yi wa haushi hukunci ɗaya ne. In ta yi aiki sosai, kin sami kare mai ci da sha wanda zai kwanta yana kallo a kwance injin. In ba ta yi aiki ba, kin yi asarar kuɗi. Kawu ya ce shi daga kwance yake bambanta haushin karnukansa: na mutum daban, na shanu sun doshi shinkafa daban, na maciji kuwa gajere ne a jere kuma daga wuri ɗaya ba ya gusawa. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, sai su kwana ba ka ji bakinsu ba. Na ce, "Kawu, wane horo ka yi musu?" Ya ce shi bai san wani horo ba. Wuni suke suna bin sa, su yi gudu a kan kunya, su faɗa ruwa in sun ji zafi, su kwanta a inuwa, abin da ya ci su ci. In dare ya yi a gajiye suke, wa ke da ƙarfin haushin banza?

A mota muna dawowa na yi ta kwatanta su da namu. Namu yana tsare a keji da bai fi tsawonsa biyu ba, ƙarƙashin kwano, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Shi kuwa kare ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Ruwansa a wani tsohon gwangwani ne da yakan ture tun da hantsi. Abincinsa sau ɗaya, in an tuna. Ba ya ganin kowa sai ƙafafun masu wucewa ta ƙasan ƙofa, da yaran unguwa da suka gano cewa in an jefa dutse a rufin kejin ana samun abin dariya. Ko mutum aka yi wa haka, ai zai yi ihu.

Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma kusan duk a hannun uwargida yake. Muka ɗauke kejin daga jikin katangar maƙwabta muka mai da shi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a can ɓangaren gareji, aka shimfiɗa zana a kan kwanon. Na ba da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe mai nauyi wadda ba zai iya turewa ba, na ɗora wa babban ɗana alhakin cika ta safe da yamma. Abinci ya koma sau biyu, mai nauyin da yamma, domin kare mai yunwa ba ya barci. A nan bari in yi miki wani ɗan gargaɗi, tun da mu mutanen Kabi Allah Ya hore mana albasar Aliero muna zuba ta ba awo: albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, suna lalata masa jini a hankali, saboda haka sauran miya ba abincinsa ba ne. Tuwo ko ƙanzo da romo da 'yan tarkacen nama sun ishe shi. Ƙashin kaza dafaffe da ƙayar kifi su ma a kiyaye, suna maƙalewa. Maganin kaska kuwa a bar wa likita ya ba da, kada a kuskura a shafa masa fiya-fiya, an sha kashe karnuka da haka, ga haɗarin yaran da za su taɓa shi. Haka nan kada a ba shi maganin ciwon kai ko na barci irin namu don ya yi shiru.

Aka toshe ƙasan ƙofa da falanki ya daina ganin ƙafafu. Maigida ya yi magana da iyayen yaran masu jifa. Kullum bayan la'asar mai gadi kan sa masa sarƙa ya zagaya da shi bayan unguwa na kamar rabin awa, da dare kuma in an rufe gida kowa ya shiga, sai a sake shi a harabar waje. Wannan zagayen, a ganina, shi ya yi rabin aikin.

Sauran rabin kuwa haƙuri ne. Likitan ya koya wa ɗana wata dabara. In karen ya yi haushi, kada a daka masa tsawa daga ɗaki, domin a wurinsa tsawar nan taya shi aka yi, sai ya ƙara himma. A bari ya yi biyu ko uku, a fito a duba abin da ya gani, sa'annan a ce masa "ya isa" da murya a kwance. Da ya yi shiru, ko na ɗan lokaci ne, a jefa masa guntun nama. Kalma ɗaya kowa zai riƙa faɗa, ba wannan ya ce "kai", wancan ya ce "shiru", wani ya jefo takalmi ba. Mun yi kusan mako shida kafin abin ya zauna, kuma akwai daren da na ce wannan aikin banza ne. Ba na banza ba ne.

Na san akwai 'yar'uwar da tun ɗazu take cewa a ranta, ai maganin duk wannan shi ne kada a ajiye karen tun farko. Ban ƙi ta taki ba, kuma in gida bai da bukata, barinsa shi ya fi. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba yana rage wa mutum lada kullum, kuma Risala da ake karantawa a zaurukanmu a kan haka ta tafi. Sai dai masu sharhinta sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da ya fi kare ma ya ajiye. A kan haka malamai da yawa suka yi sauƙi ga gadin gida in bukata ta tabbata, a ajiye shi can waje, nesa da ɗakuna da wurin salla. Maigida ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da ni dai ban ji an yi saɓani a kansa ba shi ne, in har kin ajiye, to ci da sha da inuwarsa suna wuyanki. Mun san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, mun kuma san na wadda aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa. Haƙƙin maƙwabci kuwa ba sai na tuna miki ba. Dattijuwar nan da hawan jininta ya tashi saboda karenmu, da wani abu ya same ta, me za mu ce?

Akwai kuma dalili na lafiya da ya sa ba na son a toshe bakin kare, a maimakon a saurare shi. Sauyawar murya na daga cikin alamomin ciwon haukan kare. In kare mai hayaniya ya yi tsit haka kawai, ko muryarsa ta dushe ta koma wata iri, ko mai lafiya ya fara cizon duk abin da ya gani, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, to a rufe shi, a janye yara, a kira likitan dabbobi, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai ko ƙashi ne ya maƙale. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan na kashe mutane kimanin 59,000 a duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Amma kafin nan ana iya tare shi. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, kada a tsaya shafa toka ko barkono, a wuce asibiti a ranar don a fara allura. Ki kuma ja kunnen yaranki su riƙa faɗa miki, domin sau da yawa yaro kan ɓoye cizo don tsoron duka. Shi karen kuwa allurar rigakafi ake yi masa yana wata uku, sa'annan a riƙa sabuntawa duk shekara. Ana yin maganin a nan gida Nijeriya, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924. A kai shi asibitin dabbobi na gwamnati, a karɓi takardar shaida, ki adana ta tare da katin rigakafin yara. Ranar da ya ciji ɗan wani, takardar nan ce farkon abin da za a tambaya.

To in an yi duk wannan, kare ya ƙoshi, ya sami inuwa, ya zagaya, likita ya duba bai ga komai ba, amma har yanzu yana damun mutane da rana, ban ce abin wuyan haramun ne ba. A nemi mai girgiza ko mai turare, wanda ke jin motsin maƙogwaro ba ƙara kawai ba. A ɗaura shi yadda yatsa zai iya shiga tsakaninsa da wuya, na 'yan awoyi kaɗan lokacin da akwai babba a kusa, kada a maƙala sarƙa a jikinsa, kada a sa wa kwikwiyon da bai kai wata shida ba ko kare marar lafiya ko matsoraci, kuma a cire shi da dare. Mai lantarki dai, ni ba zan ba uwar da ke da ƙananan yara shawarar ta bari a shigo mata da shi gida ba.

Ke kuma da karen maƙwabta ya hana ki barci, ki yi irin ta dattijuwar nan. Ki shiga da sallama ki faɗa wa matar gidan, domin wallahi sau da yawa ba su san abin ya kai haka ba, mu ma ba mu sani ba. In ba a gyara ba maza su yi magana, in ta ƙi a kai wa mai unguwa. Abin da nake roƙon ki da girman Allah shi ne kada ki yarda a jefa nama mai guba ta kan katanga. Ban da alhakin rai, ba ki san wa zai riga karen isa wurin ba, kaza ce, akuya ce, ko yaro mai rarrafe.

Karenmu yana nan. Har yanzu ba su shirya da ɗan garuwa ba, in ya ji ƙarar kurarsa sai ya yi uku ko huɗu kafin a ce masa ya isa. Da na je barka da salla gidan maƙwabta na tambayi dattijuwar ko yana damun ta, ta ce, "Ina jin shi jefi-jefi, ɗiyata, in ya yi sai in ce ga ɗan gadinmu can." Abin wuyan kuwa yana cikin durowa tare da tsofaffin cajojin waya, ƙanen maigida ya ce a ajiye masa zai mayar, har yau bai zo ya ɗauka ba.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu duba yadda ake adana busasshen kifi da damina ba tare da an zuba masa maganin ƙwari ba.